Ragar Bel da Hannun Isyaku

Bel ɗin na fara gani, ba injin ba. Wata ranar kasuwa ce a Gaya, na sauke buhun shanshera, shinkafar da ba a casa ba, a ƙofar rumfar casa, na leƙa ciki don in ga ko layi ya kusa zuwa kaina. Rana ta ratso ta wata huda a kwanon rufi, ta sauka daidai kan wani dogon baƙin abu mai faɗin tafin hannu, yana gudu tsakanin babban inji da injin casa, yana sheƙi, yana lanƙwasa kamar ruwan kogi idan ya zo kwana. Ɓuntun shinkafa na tashi cikin hasken kamar garin zinare. Na tsaya baki buɗe, ban san ƙafata ta kai ni kusa ba sai da wani dattijo ya finciko wuyan rigata ta baya.

"Kai, mai kallon amarya! Ja da baya. Wannan amaryar ba ta san dangin miji ba, kowa ta kama nata ne."

Dattijon nan shi ne Baba Tanko, kuma a hannunsa na koyi aikin da na ci abinci da shi shekara talatin da 'yan kai.

Ku matasan yanzu da kuke zuwa wurina, kuna ganin casa ba komai ba ce. A zuba ta sama, ta fito ta ƙasa, a karɓi kuɗi. Wata bakwai na yi wurin Baba Tanko ban taɓa ƙarfe ba. Aikina shara da sauraro. Zai tsayar da ni a bayan rumfa, inda ba na ganin komai, ya ce in gaya masa abin da injin yake faɗi. Idan mai ya kusa ƙarewa muryarsa daban. Idan dutse ya shiga cikin shinkafa daban. Idan bel ya fara santsi kuwa, wani siririn kuka yake yi kamar na tsuntsu, sai casa ta yi sanyi, shinkafa ta riƙa fitowa da rigarta. Kafin in shiga rumfa kullum sai ya duba ni daga sama har ƙasa. Ba doguwar riga, ba dogon hannu, ba carbi a wuyan hannu, mazagin wando a cusa shi ciki.

Maganin santsin bel kwalta ce. Kowane mai casa a ƙasar nan yana da dunƙulenta a gwangwani. Ana goga wa cikin bel ɗin yana cikin gudu, sai ya kama fuli, wato ƙarfen nan mai zagaye da yake hawa. Yadda Baba Tanko ya koya mini, kwaltar a bakin sanda take, sandar kuma da yatsu uku ake riƙe ta, ba a damƙewa. Ana gogawa ta wajen da bel yake barin fuli, ba ta wajen da yake shiga ba. Idan ya fizgi sandar, ka sakar masa. Na yi asarar sanduna da ba su ƙirguwa, amma ga yatsuna nan goma.

Bayan rasuwar Baba Tanko, wani ɗan kasuwa da ake kira Alhaji Mamuda ya gina babban wurin casa a kan hanyar Ajingi, ya ɗauke ni in zama babba a wurin. Injinsa sabo ne, kore shar, kuma ya zo da abin da ban taɓa gani ba: ragar ƙarfe da ta rufe bel ɗin gaba ɗaya, an ɗaure ta da noti huɗu. Kyakkyawa ce ƙwarai. Matsalarta ɗaya. Idan bel ya yi santsi, sai an kashe inji, an kwance noti, an goga kwalta, an mayar, sannan mutum biyu su kama hannun tayarwa su yi ta juyi har numfashinsu ya ɗauke. Kafin nan mata masu tuwon sayarwa sun fara aiko da saƙon zagi, 'yan kasuwa sun fara ɗora buhunansu a kura za su tafi wani wuri.

Sati uku ragar ta yi. Ranar da wani babban mai saye daga Toranke ya kwashe buhu ashirin ya tafi, Alhaji ya shigo yana huci.

"Sale, wannan kejin na kaza ne ko na inji? Cire shi. Kuma wanda ya ƙara kashe mini inji kafin azahar, ya nemi wani ubangidan."

Ni na cire ta, da sifana mai lamba goma sha huɗu, Alhaji yana tsaye a kaina. Na jingine ta a bayan buhunan dusa. Ta yi shekara biyu a nan, har wata kaza ta mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Ban yi musu ba, domin ni ma a wurin da ba raga na tashi, kuma na ɗauka kowa yana da kunne irin nawa.

Isyaku ya zo mana a shekara ta biyu. Mutumin Gafasa ne, Bafillace, magidanci mai 'ya'ya shida, yana noma da damina ya zo casa da rani. Dogo ne, mai fara'a, mai ƙarfin tsiya, shi kaɗai yake ɗaga buhu ya juye a mazurari. Ni kuma kakannina Barebari ne, don haka tun ranar farko muka buɗe shafin tsokana.

"Oga Sale," in ji shi, "wai yaushe aka fara ba bayi riƙon inji?"

"Tun ranar da iyayengijinsu suka rasa shanu suka dawo dako," in ji ni.

Aibinsa ɗaya, ba ya son sanda. Ya ce sanda wasan yara ne, kwalta ba ta kamawa sosai. Sai ya naɗe hannunsa da tsumma don kada kwaltar ta ɓata masa fata, ya damƙi dunƙulen, ya danna wa bel kai tsaye. Gaskiya ta fi kamawa. Na hana shi sau ɗaya da wasa, sau ɗaya da faɗa, sau ɗaya kuma na fizge tsumman na jefa a wuta. Dariya ya yi.

"Tsoron Babarbare ya motsa. Ni da nake kama bijimi ta ƙaho?"

Shekarar da ruwa ya yi yawa har ya ci gonakin fadama, ita ce muguwar shekararmu. Shinkafar da ta tsira ba ta bushe da kyau ba, rumfa ta yi laima, bel yana santsi sau biyar, sau shida a wuni. Man inji ya yi tsada, Alhaji ya ƙara tsanantawa kan maganar kashewa. Saura kwana biyu a kama azumi, layin buhuna ya kai bakin titi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe ina sama wurin mazurari ina daidaita zubin shinkafa, sai na ji siririn kukan nan. Na ɗaga murya na ce a ba ni minti ɗaya in sauko. Ban ji amsa ba. Abin da na ji shi ne muryar injin ta nutse, kamar mutum ya haɗiyi loma babba, sannan ta dawo.

Na diro ban bi tsani ba. Bakin tsumman ne bel ya kama ta wajen shiga, tsumman kuma yana naɗe da hannu. Kafin in kai ga makashin inji, fuli ya riga ya zaga da shi. Isyaku bai yi ihu ba. Yana durƙushe yana kallon wurin, yana cewa, "Oga, kashe, kashe," alhali na riga na kashe. Na kwance mazagin wandona na ɗaure masa dantse, muka sa shi a motar wani ɗan kasuwa. Daga asibitin kusa aka tura mu Kano. A can aka yanke hannun daman, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Kashegari da hantsi Alhaji ya kira ni rumfa. Ba kowa, an wanke daɓen.

"Ka mayar da ragar nan."

Na ɗauko ta, na kore kazar. Noti ya ƙi shiga, domin zanzaro ya gina gidansa a cikin ramukan huɗu, sai da na sa ƙusa na farfasa. Ina ɗaurewa Alhaji yana magana a bayana, a hankali, kamar mai ba da labari.

"Ragar nan kullum a ɗaure take. Shi ya kwance ta ranar, kana sama ba ka gani ba. Ko ba haka aka yi ba?"

Na ci gaba da juya sifana.

"Sale, da kai nake. Shekara nawa kana cin tuwo a wurin nan?"

"Ranka ya daɗe, na ɗaure."

Abin da na ce ke nan, shi kuma ya ɗauka amsa ce.

Alhaji ya biya kuɗin asibiti na farko, ya aika da buhun shinkafa biyu Gafasa, daga nan ya ce ƙaddara ce, kuma ganganci ne na mai hannu. Isyaku yana da wa, Malam Hadi, malamin Islamiyya. Cikin ɗalibansa na dā akwai wadda ta zama lauya a Kano, Barista Hauwa, ita ta shigar da ƙara. Ta zo har Gaya ta same ni a ƙofar gida, ta yi mini bayani da Hausa sarai. Doka ta ɗora wa mai wuri ya rufe duk abin da ke juyawa a inji. Idan bai rufe ba, diyya ta hau kansa. Amma idan aka nuna ma'aikacin ma ya yi sakaci da kansa, alƙali zai raba laifin, ya zabge wa ma'aikacin gwargwadon nasa. Idan kuwa aka yarda shi ya cire ragar da hannunsa, zai iya tashi da abin da bai kai ya kawo ba.

"Baba, mu biyu muke jayayya, amma kai kaɗai ka san shekarun ragar nan," ta ce. "Sauran ma'aikatan duk sun ce ba su lura ba."

Ana saura kwana uku zaman kotu, Malam Hadi ya zo da Isyaku. Isyaku ya rame, hannun rigarsa na dama a ninke an soke da allura. Muka zauna a zaure. Malam Hadi ya daɗe yana gyaran murya.

"Malam Sale, ni ba zan ce ka yi ƙarya ba, Allah Ya tsare. Amma maganar tsumma, abin da ba a tambaye ka ba, ba dole ne ka kawo shi ba. Idan kuma an tambaya, ai mutum yana mantuwa."

"Malam, ban manta ba."

"An yi wata tara."

"Ko shekara tara ce."

Isyaku ya ɗago. Ya yi ƙoƙarin yin murmushin nan nasa, bai fito ba.

"Babarbare, 'ya'ya shida ne. Ko fartanya ba na iya riƙewa. Wando ma sai matata Ladi ta ɗaura mini."

Na ce Allah Ya sa a dace. Suka tashi ba su sha ruwan da aka kawo ba. Da yamma kuma direban Alhaji ya kawo mini sabuwar shadda, wai ta zuwa kotu. Na ce ya mayar, ina da riga.

Ɗakin kotun ya fi rumfarmu sanyi, amma gumi nake yi. Da Turanci ake shari'ar, akwai tafinta a gefena. Aka tambaya ko ina da alwala, na ce ina da ita, aka miƙo mini Alƙur'ani. Alhaji yana zaune a dama da babbar riga, yana kallona kamar yadda yake kallon buhun da ya riga ya saya. Isyaku da wansa suna hagu.

Barista Hauwa ta fara. Wa ya cire ragar? Na ce ni. Yaushe? Na ce shekara biyu kafin abin ya faru. Da umarnin wa? Na nuna Alhaji. Na faɗi maganar kashe inji kafin azahar, na faɗi kazar, na faɗi gidan zanzaro, na faɗi safiyar da aka ce in mayar. Da tafinta ya juya maganar kazar, sai da mai shari'a ya sunkuyar da kai yana rubutu yana danne dariya. Alhaji ya miƙe yana cewa butulu, aka zaunar da shi.

Sai lauyan Alhaji ya taso, wani siririn mutum mai tabarau, muryarsa a kwance. Ya fara da yabona. Ya ce an gaya masa babu wanda ya kai ni sanin casa daga Gaya har Ajingi, kuma ga shi yatsuna goma bayan shekara talatin. Yaya aka yi? Na yi masa bayanin sanda da yatsu uku da wajen da bel yake barin fuli. Ya gyaɗa kai kamar ɗalibi.

"To, mai ƙara, da sanda yake gogawa?"

Fankar sama tana juyawa. Na ji Malam Hadi ya yi tari.

"A'a."

"Da me?"

"Da hannu. Yana naɗe shi da tsumma."

"Ka taɓa gaya masa akwai haɗari?"

Na dubi hagu. Isyaku ba ni yake kallo ba, ninkin hannun rigarsa yake kallo.

"Na gaya masa."

"Sau nawa?"

"Uku."

Lauyan ya ce ya gama. Ni kuma na ce wa tafinta ban gama ba. Mai shari'a ya ce a bar ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, da ragar tana wurin, ko bargo ya naɗa a hannu babu inda zai sa shi. Kuma da an bar mu mu kashe inji, babu mai goga kwalta a guje." Aka rubuta.

A bakin kotu babu wanda ya yi mini magana. Motar Alhaji ta wuce ni. Malam Hadi ya ja hannun ƙanensa na hagu suka tsallaka titi. Ni kaɗai na hau motar haya ta Gaya, na iske an riga an aiko gida cewa in ba da makullin rumfa.

Bayan wata huɗu aka yanke hukunci. Barista Hauwa ce ta kira ni ta gaya mini. Mai shari'a ya kasa laifin kashi uku, biyu na mai wuri, ɗaya na Isyaku. Aka ba shi kashi biyu na diyyar da aka ƙayyade. Mutanen Alhaji suka ce na ci amanar gishiri. Mutanen Gafasa suka ce na cire wa 'ya'ya shida abinci daga baki. Rani biyu na yi babu mai ɗaukata aiki a Gaya, ina dakon buhu a kasuwa da furfurata, kafin wani mai ƙaramin inji a Kademi ya neme ni. Sharaɗi ɗaya na kafa masa. Muka kai ragarsa wurin mai walda, ya huda mata 'yar taga daidai wucewar sanda, ta wajen da bel yake barin fuli, hannu ba ya shiga. Aikin bai kai rabin wuni ba. Shi ya sa duk wanda ya zo koyo wurina, kafin ya ji muryar inji sai ya ɗaure noti huɗu ina kallo.

Isyaku kuwa, shekara bakwai ban sa shi a ido ba. Sai wata damina, na je ta'aziyya wajen Toranke, ina dawowa a kan babur, na hangi ana huɗa a wata gona a bakin hanya. Sama ta yi lumshi, ƙasa baƙa wuluk tana kifewa a bayan garma, balbelu farare suna bin sawu. Wani saurayi yana riƙe da garmar. A gaban shanun biyu kuma, ja da baƙi, wani dogon mutum yana tafe da igiya a hannun hagu, yana musu magana da Fillanci. Na rage gudu. Shi ya fara gane ni.

"Kai! Wa ya ba bawa babur?"

Na tsaya, na kafe babur ɗin, na shiga gonar da takalmina. Ya miƙo hannun hagu, muka gaisa. Ya ce saurayin babban ɗansa ne. Da kuɗin ya sayi shanun huɗa da garma, ya sauya su sau biyu tun daga lokacin, yanzu daga Gafasa har Toranke sai an yi layi kafin a same shi.

"Ka gan su nan, kashi biyu," ya ce, yana dafa ƙahon na kusa da shi. "Da ka iya mantuwa irin ta mutane, da har da amalanke."

Ya gyara riƙon igiyar, ya ci gaba.

"Na yi shekara uku ina jin haushinka. Ladi har yau ba ta son jin sunanka, sai dai dole take ji kullum."

"Dole kamar yaya?"

Ya nuna jan san, ya ce wannan Goje ne, ba shi da matsala, duk inda ka ja shi zai bi. Sannan ya nuna baƙin, wani ƙato mai faɗin goshi da ya tsaya ƙyam yana kallona.

"Wannan kuma ko dukansa za ka yi, ko dusa za ka nuna masa, ba ya karkata daga layi. Sau nawa na so in sayar da shi don taurin kai. Amma idan babu shi huɗar ba ta miƙewa."

Ya ja igiyar, ya ɗaga murya yadda har masu shuka a gonar gaba suka waiwayo.

"Sale! Mu je, ɗan Barebari, rana tana yi!"

Baƙin sa ya sunkuyar da kai, ya ja.